Ƙarfen da Kuka Bari a Bakin Yayana

Zuwa ga Maigirma Shugaban kwamitin da ya shirya wa likitocin haƙori na jiharmu ƙarin horo a kan dashen haƙori, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta abokan aikinka, ina roƙon ka yi haƙuri da wannan takarda. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa a gaban jama'a ba. Wannan ma sau uku ina kwafe ta, ina cire kalmomin da nake tsoron sun yi kaifi, ina mayar da waɗanda na ga in babu su gaskiya ta ragu. Takarda biyu na kai buronku, wato ofishinku, da hannuna ban sami amsa ba, kuma lokacin da ya rage mana bai kai wata ɗaya ba. Abin da ya fito da ni fili ke nan.

Sunana Lawali. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Yekuwa. Karatuna a kwaleji ya tsaya. Noma nake yi, kuma ni ne mai duba ma'aunin ruwan sama na garinmu: in an yi ruwa in auna, in rubuta, in aika. A nan na saba da rubuta komai a kaye, wato littafin rubutu, har abin da bai shafi ruwa ba. Duk abin da zan faɗa maka daga kayen nan na ɗauko shi, kuma inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Na ɗaya: wanda abin ya sama.

Malam Habu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Shi ne limamin masallacin unguwarmu tun rasuwar mahaifinmu. Damina biyu da suka wuce, yana ɗaura wa sa amalanke, san ya kaɗa kai, gindin ƙaho ya same shi a baki. Haƙoransa biyu na gaba, na sama, suka karye har cikin dasashi. Likitan haƙori na Magariya ya cire guntayen, ya yi masa na roba waɗanda ake sawa ana cirewa. Sai dai na roban ba su zama da kyau. In ya ɗaga murya a karatu sai su motsa, kuma ka san akwai haruffan da ba su fita sai harshe ya taɓa haƙoran gaba. Sau ɗaya sun faɗo masa a raka'a ta biyu ta Magariba, ya tare su da hannun riga. Ba wanda ya yi dariya. Amma daga ranar ya bar jan dogayen surori, ni kuwa ina sahu na farko ina ji.

Na biyu: yadda muka shiga hannunku.

A lokacin sanyin da ya wuce, kafin azumi, likitan nan ya kira ni. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban ga laifinsa ba, kuma ina tsoron kada takardata ta ja masa abin da bai ji ba bai gani ba. Ya ce kwamitinku ya shirya wa likitocin da ke kan aiki formasiyo, wato horo, malamai za su zo daga waje su koya musu sabon aiki, kuma ana neman marasa lafiya masu ƙashi mai kyau waɗanda ba su shan taba. Ya zana mini a bayan takardar magani. Ana dasa ɗan ƙarfe mai kama da ƙusa a cikin ƙashin da haƙori ya fita, a bar shi kamar wata huɗu har ƙashi ya kama shi, sannan a yi awo a ɗora haƙori a kansa, ya zauna daram kamar na halitta. Horon kashi biyu ne, in ji shi: na farko a koyi dasa ƙarfen, na biyu a koyi ɗora haƙorin da kula da shi.

Yaya ya ƙi. Ya ce abin da Allah ya karɓa ya karɓa, ya gode da talatin ɗin da aka bar masa. Sati uku na yi ina binsa, a gona, a zaure, a hanyar rijiya, har ya gaji ya ce to, tunda ni ne ɗan lakwal mai karatun boko, in je in gano mana.

A nan akwai abin da dole in faɗa a kan kaina, don kada a ce na ɗora muku kaya duka na fita. Takardar yarda da aka ba mu da Faransanci take, ni na fassara masa ita layi layi. A ƙasan shafi na biyu akwai layin da ya ce za a yi kashi na biyu na horon idan hali ya samu. Na karanta shi, na gane shi, na tsallake. Na san in ya ji shi zai miƙe ya kama hanya. Na ce a raina ai manya ba su fara abu su bar shi rabi, wannan kalma ce kawai ta takarda. Ya sa hannu da ajami bisa maganata. Ban gaya masa ba har yau, kuma na san wannan wasiƙa za ta gaya masa.

Na uku: ranar aikin.

An yi aikin a Damagaram, kuma ina shaida an yi shi da kyau. Likitanmu ne ya dasa ƙarfe biyu da hannunsa, malamin da ya zo daga waje yana tsaye a bayansa yana duba. Aka rufe kowane ƙarfe da ɗan murfi mai ƙyalli wanda ke leƙowa ta dasashi. Mun biya jika arba'in na sefa kuɗin kayan aiki, resi yana hannuna, amma ba a kansu nake magana ba, kuma ba su nake nema ba. Kwana huɗu Yaya ya yi da kumburi, ranar ta biyar ya sha fura ya ce ashe ba wani abu ba ne.

Abu biyu na rubuta a kaye ranar ban san nauyinsu ba sai daga baya. Akwatin ƙananan makullan da ake ɗaure waɗannan ƙarafa da su, masu kama da turnabis, abin kwance ƙusa na mai gyaran agogo, malaman sun rufe shi sun tafi da shi. Takardar da ke ɗauke da sunan irin ƙarfen da lambarsa kuma an liƙa ta a cikin kundinku, ba a ba mu kwafi ba. Marasa lafiya tara na ƙirga a kan benci ranar, har da Yaya. Na tuna wata mata daga Waca da wani dattijo daga wajen Dungas, sauran ban tambayi garinsu ba.

Na huɗu: jira.

An ce kashi na biyu bayan ƙaramar sallah. Sallah ta wuce, aka ce bayan layya. Layya ta wuce, aka ce za a sanar. Sau uku na je buronku. Daga garinmu amalanke ne zuwa bakin hanya, sannan kabu-kabu zuwa Magariya, sannan jiran mota ta cika. Sakatarenku mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya ba ni ruwa. Zuwan farko ya ce kana misiyo, wato tafiyar aiki. Na biyu ya karɓi takardata ya buga mata tambari. Na uku ya karɓi takarda ta biyu, ya ce malaman ba su ba da rana ba, kuma makullin kabad ɗin da kundin yake ciki yana wurin wanda ya tafi hutu. Ban yi musu ba. Wataƙila duk gaskiya ne. Ban san yadda ake shirya irin wannan horo ba, ban san wa ke biya ba, ban san me ya hana ba, kuma mai yiwuwa kai ma abin ya fi ƙarfinka. Abin da na sani shi ne wata huɗun da aka ce sun zama takwas.

Na biyar: halin da bakin yake ciki yau.

Da farkon damina murfin ƙarfen hagu ya fara motsi. Abinci yana shiga ƙarƙashinsa. Dasashin ya kumbura ya yi ja, in ya kurkure baki a alwala sai ruwan ya fito da jini, daga baya kuma wari ya zo. Haƙoran roba sun daina shiga saboda kumburin. Yanzu sati bakwai ke nan da ya miƙa limanci ga wani, shi yana bin sahu daga can gefe da bakin rawani a kan bakinsa. Ya ce ba zai tsaya gaban mutane yana shakkar ko jinin ya taɓa masa riga ba.

Sau shida na kai shi Magariya. Likita ya wanke wurin, ya ba da maganin kurkura da ƙwayoyi, kumburin ya sauka kwana goma ya dawo. Ya gwada duk ƙarafan da ke cikin tirensa, ba wanda ya shiga kan murfin. Ya ce aikin minti biyar ne in da makullin ƙarfen: a kwance murfin, a wanke ƙarƙashi, a ɗaure. Ya ce ya kalli yadda ake ɗora haƙorin a waya sau da yawa, amma ba zai fara koyon abin da ba a nuna masa ba a bakin mutum, shi kaɗai, ba mai duba shi. Na ji haushin wannan magana a ranar. Da na zauna na rubuta ta, sai na ga ita ce maganar da ta fi kowace gaskiya a cikin duk abin da aka gaya mini bana.

Ya sa aka ɗauki hoton ƙashin, wanda suke ce wa radiyo. Ya nuna mini cewa ƙashi ya kama ƙarafan biyu gam, sun zama abu ɗaya da shi, amma a wuyan na hagu ya fara cinyewa kaɗan. In aka bar shi zai ci gaba da ci. Sama da wurin kuwa, in ji shi, ɗan ƙashin da ya raba baki da hanci ne, ba shi da kauri.

Na tsallaka da Yaya Kano, wurin wani likita da aka yi mana kwatance. Ya duba, ya ce ƙarafan nan iri-iri ne, kowane kamfani da bakin makullinsa, nasa ba su shiga, kuma ba zai yi ta gwaji ya lalata kan murfin ba. Ya ce mu kawo masa sunan irin ƙarfen. Sunan yana cikin kabad ɗinku.

Na kuma ji ana cewa za a canza wa likitanmu wurin aiki bayan kaka. Wannan ban tabbata ba. Na tambaye shi, ya ci gaba da wanke hannu.

Na shida, kuma saboda shi na rubuto.

Ranka ya daɗe, ban san inda ka tashi ba, don haka bari in yi bayani ko da ka riga ka sani. A wurinmu kowane gida da wanzaminsa. Namu Baba Ɗan'azumi ne, ubansa ya yi wa ubanmu aiki. Shi ya yi mana askin suna, shi ya cire mana belu, shi ya yi mana kaciya, shi ke yi wa Iya, mahaifiyarmu, ƙaho in bayanta ya riƙe. Haƙora huɗu ya cire mata da awartakinsa, kuma har yau tana cewa hannunsa ya fi na kowa sanyi. Ba mugu ba ne, ba maƙaryaci ba ne. Na gan shi ya zare ƙaya daga tafin ƙafar da ta yi ruwa, mai ƙafar ya taka ranar. A saninsa, da sanin Iya, da sanin duk garin, abin da ya shiga jiki daga waje ya sa kumburi, maganinsa a fitar da shi. Ba su taɓa ganin wannan ya ƙi ba.

Tun da warin ya fara Iya take maganar a kira shi. Na yi ta ba ta haƙuri daga sallah zuwa sallah, da alkawarinku nake ba ta, har ta daina amsa mini in na ce an kusa. Baba kuwa in ya gan ni a kasuwa sai ya tambaye ni ina labarin kafintocina, waɗanda suka buga wa Malam ƙusa kamar ƙyauren ɗaki suka tafi cin abinci ba su dawo ba. Mutane su yi dariya, ni ma in yi.

Da na ga abin yana ƙaratowa, na roƙi likita ya zo ya yi musu bayani da bakinsa. Allah ya saka masa, ya hau babur ɗinsa ranar hutunsa ya zo, cikin laka. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Iya tana daga bayan ƙofa. Ya gaishe da Baba da girmamawa, ya ce masa Baba. Ya yi bayani a hankali cewa wannan ba kamar haƙori ba ne, haƙori yana da ɗan sassauci a raminsa shi ya sa yake fita in an girgiza, wannan kuwa ƙashi ya manne da shi ko'ina. In aka ja shi da ƙarfi, da ƙashin zai fito, kuma yana iya buɗe hanya tsakanin baki da hanci. Sannan ya ciro hoton don su gani da idonsu. Ni na ba shi wannan shawara. Na ɗauka in sun gani za su tsorata.

Baba ya karɓi hoton ya fita waje ya ɗaga shi ga rana. Ya daɗe yana kallo. Da ya dawo fuskarsa a sake take. Ya ce shi dā tsoronsa ko abin yana da ƙugiya ko reshe a ciki, ashe ga su nan a miƙe sumul, ko saiwa ba su da ita, ai haƙoran tauna na Iya masu ƙafa uku sun fi su wuya. Ya gode wa likita da ya nuna masa tsawonsu. Sai ya yi masa tambaya biyu, da ladabi, yana ce masa ɗana. Ko ya iya ƙarasa aikin? Likita ya ce ba a koya masa ba tukuna. Ko ya iya cire su? Likita ya ce ba shi da kayan. Baba ya juya wajen ƙofa ya ce wa Iya to ta ji, yaron kirki ne ba ya ƙarya, amma cikin biyun bai iya ko ɗaya ba, shi kuwa ya iya ɗaya.

Likita ya miƙe ya yi sallama. Na raka shi har bakin gari yana tura babur bai hau ba, da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce kada in bari.

Iya ta yanke magana a ranar. Ta ce ba za a zubar wa ɗanta jini ana tsakiyar aiki ba, a bari a yi girbi. Ranar da dami na ƙarshe ya shiga rumbu, washegari Baba zai zo da zabirarsa. Yaya ya ce ya ji ya yarda. Ya ce mini sau ɗaya ya bi maganata, yanzu zai bi ta wadda ta haife mu, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Bai faɗa da zafi ba. Da ya faɗa da zafi da ya fi mini sauƙi.

Hatsinmu ya fara nuna. Na zaga gonar jiya na murza zangarniya a hannu. A lissafina sati uku ne, in ruwa ya ƙara sauka sau ɗaya wataƙila huɗu. Ban taɓa roƙon Allah ya jinkirta kaka ba sai bana, kuma ina jin kunyar wannan roƙo. Wani lokaci nakan ce ko ni ne nake ƙara wa abin gishiri, ko Baba ya fi mu sani, ai shekara hamsin yana cikin bakunan mutane. Sai in buɗe kaye in sake karanta abin da likita ya faɗa a kan ɗan ƙashin nan na ƙarƙashin hanci. Daga garinmu zuwa asibiti, in jini ya ƙi tsayawa, amalanke ne.

Na bakwai: abin da nake roƙo.

Ina roƙon a aiko wa likitan Magariya makullin da ya dace da wannan ƙarfe a cikin satin nan, ko aro ne, ko direban mota ne zai riƙo shi. In kumburin ya sauka warin ya tafi, ina da abin da zan nuna wa Iya, kuma ina jin za ta ƙara mini lokaci.

In wannan bai samu ba, a buɗe kabad ɗin a ba ni sunan ƙarfen da lambarsa. Ko a waya a karanta mini, zan rubuta, in koma Kano da shi.

Ina roƙon a sa ranar kashi na biyu na horon, rana ta gaske wadda za a rubuta a takarda mai tambari, kuma a bar likitanmu a wurinsa har ya ƙarasa abin da ya fara. In malaman farko ba za su dawo ba, a nemo wanda ya iya ya zo ya tsaya a bayansa. Likitocinmu suna son koyo, na gani da idona, amma an ba su rabin sana'a, mu kuma aka ba mu sauran mu riƙe a bakinmu.

A nemi sauran mutum takwas ɗin da ke kan bencin nan. Sunayensu suna wurinku. Ban san halin da suke ciki ba, amma na san kowannensu gidansu akwai wanzami.

Nan gaba kuma, in za a sake irin wannan horo, kada a dasa ƙarfe a bakin kowa sai kayan ƙarasawa suna ƙasa, kuma mai karanta wa mutum takardar yarda ya zama wani daban, ba ɗan'uwansa mai ɗokin a yi ba.

Ranka ya daɗe, in na yi kuskure a wani wuri a gyara mini, zan karɓa a gaban jama'a kamar yadda na faɗa a gabansu. Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya tsare iyalinka daga ciwon da aka fara wa magani aka bari. Allah ya sa wannan takarda ta same ka kana gari.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba. A al'adarmu in wanzami zai cire haƙori, mutum yakan zauna a ƙasa, wani daga cikin 'yan'uwansa ya durƙusa a bayansa ya riƙe masa kai da hannu biyu don kada ya motsa. Iya ta ce tunda ni na kai shi aka sa, ni zan riƙe a cire. Shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa ce mata a'a ba, kuma ban san ko bakina zai iya ba ranar. Don Allah kada ku bari a gwada ni.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawali, ƙanen Malam Habu,
daga ƙasar Yekuwa.